Waƙar da Aka Ce Ba Ta da Mai Ita

Ranar da na sauka Paris abu biyu nake riƙe da su: akwati mai karyayyar taya, da alkawarin da na yi wa Kawu Habu. Akwatin na yar da shi a Montreuil, gefen Paris, kafin wata ya cika. Alkawarin ya fi shi daɗewa, kuma labarinsa zan ba ku, ko da yake ban fito da kyau a cikinsa ba.

Kawu Habu ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na girma, a Zangon Damagaram. Gidan bidiyo gare shi: rumfar kwano, benci takwas, tele ɗaya da ake ɗora wa jiƙaƙƙen tsumma idan ta yi zafi. Fina-finan duk da Faransanci suke zuwa, masu kallon kuwa mahauta ne da teloli da masu amalanke, ba sa ji. To sai Kawu ya zauna gefen tele, ya rage murya, ya riƙa yi musu fassara da baki. Fassara dai ake ce mata, amma rabinta nasa ne. Idan Bature ya yi maganar da ba ta yi wa Kawu daɗi ba, sai ya cire ta ya sa masa wadda ta fi. Na taɓa tambayarsa ko hakan ba ƙarya ba ce. Ya ce, "Gyara ne, Lawali. Mutum ya yi kuskure a gaban jama'a, ai sai a rufa masa."

Akwai kaset ɗaya da ya fi kowanne ciniki. Tsohon fim ne na Amurka, na ban dariya, wasu shaƙiyyai masu baƙar kwat da baƙin tabarau, 'yan sanda na bin su motoci na ta kifewa, kuma duk lungun da suka shiga sai wani babban mawaƙi baƙar fata ya miƙe ya cika wurin da blues ko soul. Maganar da Faransanci take, waƙoƙin kuma da Ingilishi, wanda Kawu ba ya jin ko kalma ɗaya. Ga kaset ya tsufa, muryar na ja. Sai ya kashe muryar gaba ɗaya, ya ɗauki gurminsa, ya yi nasa waƙoƙin a kan motsin bakinsu. Bugun kiɗan kaɗai ya ara, sauran duk na Damagaram ne. Wadda ta fi fita ita ce ta wata mata mai gidan abinci da ke yi wa mijinta faɗa zai bi abokai:

Ajiye hular nan, Malam,
tukunya ba ta wanke kanta.
In ka fita ƙofar nan yau,
ka ci tuwo inda ka yini.

Wannan waƙa har wajen daka da wajen biki ta kai. Da zan taho, Kawu bai yi mini wa'azi ba. Gurmin ya miƙo mini, ya ce, "In ka je ƙasar masu fim, ka gaya musu akwai wani Habu a Zango da ya sa wa fim ɗinsu baki. Sunan kawai, ba na son komai nasu." Na ce ai fim ɗin na Amurka ne, ni kuma Faransa za ni. Ya ce, "Duk Turai ce, kai dai ka faɗa." Na ce wallahi zan faɗa.

A Montreuil na fara zama, a gidan ma'aikatan nan na 'yan Afirka ta Yamma da ake kira fuwaye. Mu biyar a ɗaki, huɗu 'yan Mali, kowa da tarinsa da rediyonsa. Karatun fassara na zo yi, a wata makaranta mai zaman kanta da wani ɗan garinmu ya haɗa ni da ita. A hoto gini ne mai tuta. Da na je, ɗaki biyu ne a hawa na uku, saman shagon gyaran waya. Wata huɗu muka yi, ran nan na iske an manna takarda a ƙofa an rufe. Ɗan garin namu, wanda ya rantse mini da iyayensa, ya daina ɗaukar wayata. Na taɓa hango shi a metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, layi na tara, muka haɗa ido, ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Abin da ya fi rufe makarantar ciwo shi ne katin zama. Na ɗalibi ne, shekara ɗaya, kuma ba a sabunta shi sai da shaidar cewa kana wata makaranta. Na je prefektir, ofishin takardun baƙi, na tsaya a layi cikin ruwan sama tun hantsi. Matar da ke bayan gilashi ba ta ko ɗaga kai ba. "Pas d'inscription, pas de titre," ta ce, wato babu makaranta, babu kati. Wata biyar ya rage mini. Na fito na zauna a bakin hanya ina tunanin yadda zan koma Zango da gurmi a hannu, ba digiri, a ce ga Lawali ya je Paris ya yi wanke-wanke ya dawo.

Don kuwa wanke-wanken nake yi. A kicin ɗin fuwaye, ƙarƙashin wasu mata 'yan Mali masu dafa shinkafa a tukwanen da mutum zai iya wanka a ciki. Babbarsu ba ta jin Hausa, ni ba na jin Bambara, amma kullum sai ta kankare mini ƙanzo ta zuba masa miya, ta tura mini da ƙafa ba ta dube ni ba. Allah Ya saka mata. A wannan kicin ɗin, wata Lahadi da azahar, hannuna cikin kumfa, nake rera waƙar Kawu don kewa ta ishe ni. A hankali nake yin ta, ba kamar yadda yake yi da tsalle da gatsine ba, saboda ba ni da ƙarfin dariya.

"Sannu da aiki," na ji an ce a bayana, da Hausar Bature.

Wani dattijo ne fari, kansa fari fat, da rigar saƙi irin tamu. Ya ce shi farfesa ne a wata jami'a a Lyon, ya zauna Nijar yana saurayi, kuma shekara talatin yana neman tushen blues a ƙasashenmu. Ya roƙe ni in sake. Na sake. Wallahi idonsa ya kawo ruwa. Mutanen fuwaye suka taru, har da limaminmu da ke cin abinci. Farfesa ya ce wa ya koya mini. Na ce kawuna. Ya ce, "Shi kuma ya gada daga iyayensa, su ma daga nasu, ko ba haka ba?"

A nan na yi kuskuren da ɗan Faransa ba zai taɓa yi ba. Mu an rene mu ba a gaya wa mai furfura ya yi kuskure a gaban mutane, balle baƙo, balle wanda ke hawayen murna a kan abinka. Sai ka sunkuyar da kai ka ce haka ne, daga baya a gyara a keɓe. Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Kuma tun da na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in ƙara: kunya ma na ji. Ta yaya zan ce wa farfesa, gaban liman, ai a rumfar bidiyo aka haifi waƙar, tsakanin mai tsire da mai gyaran keke?

Da ya ji matsalar katina sai ya dafa kafaɗata. Ya ce in zo Lyon, zai sa a rubuta ni ɗalibi a sashensa, aikina in rera waƙoƙin in fassara su. Na shiga jirgin ƙasa ina ce wa kaina da zarar na isa zan gyara maganar.

A Vénissieux, gefen Lyon, na sauka, unguwar Minguettes, benaye dogaye kamar an jera kwalayen sukari. Liman ne ya ba ni lambar Hajiya Mariama, 'yar Damagaram, mijinta ya rasu bayan shekaru yana aiki a masana'antar sinadarai ta Saint-Fons, 'ya'yanta sun watse. Hawa na goma sha ɗaya take. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai kuma wa ya shanya ka haka? Shigo." Gaisuwa muka yi ta fi minti goma, sai da ta tambayi mutanen da ni ma na manta da su. Ta ba ni ɗakin ɗanta, ta ba ni tuwon masara miyar kuka. Rabona da in ci abinci in ji cikina ya gane shi, tun gida.

Aikin Farfesa kuwa, hm. Kullum in hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, in shiga metiro layin D, in je wani ɗakin ɗaukar murya mai bango da soso. Ranar farko ya ce in cire agogo da tabarauna saboda hoto. Ya kawo mini wata babbar riga da ta sha wanki har ta koɗe, ya ce ta fi dacewa. Ya ce in ƙara jan waƙar, in rage sauri, in rufe ido. Na fassara masa baitin tukunya kalma da kalma. Da na ga abin da ya rubuta sai da na zauna. Wai kukan matan da aka kwashe mazansu a zamanin bauta ne, ƙofar kuma ita ce wadda in an fita ba a dawowa. Tukunyar Kawu! Tukunyar da Inna, matar Kawu, take cewa da ita yake, don ita ce ke bar masa wanke-wanke idan sun yi faɗa.

Abin bai tsaya nan ba. Ran nan ya kira ni yana rawar jiki, ya kunna mini wani guntun fim a kwamfuta. Ina dubawa sai ga matar nan mai gidan abinci, tana nuna mijinta da yatsa. Ya ce, "Saurara, Lawali! Bugun iri ɗaya ne da naka. Wannan jikar waƙarka ce. Ta haye teku cikin jirgin bayi, ta zama wannan." Ya ce zai shirya a nuna fim ɗin a sinimar unguwarmu ta Vénissieux, in fara rera tawa, sannan a kalla, kowa ya ji uwa ya ji 'ya. Na ce to. Bakina ya riga ya saba.

Hajiya ce ta kama ni. Ina gwaji a ɗaki da la'asar, sai na ji an karɓa mini daga kicin, da sauri, da gatsine, daidai yadda Kawu ke yi. Ta shigo da muciya a hannu tana dariya har da hawaye. "Kai! Waƙar Habu Mai-Bidiyo! Kar ka ce mini kai ne ɗan yayarsa?" Ashe tana budurwa gidansu na bayan rumfar, ta katanga suke saurare ita da ƙannenta. Ta ce ranar da aka kawo ta Faransa tana kuka a jirgi, wannan waƙar ta riƙa yi a zuci har ta yi dariya ita kaɗai. Nan take ta karɓi lambarsa, suka yi ta hira kamar ba shekara ashirin da wani abu a tsakani. Ita ta gaya masa za a yi taro a sinima, ɗansa zai hau dandali. Na ji muryarsa ta cikin waya yana kiran Inna ta zo ta ji.

Da ta kashe wayar na gaya mata komai. Ta ajiye muciyar.

"To ka gyara mana," ta ce.

"Hajiya, katina."

"Na ji katinka. Mutumin nan kullum a wannan rumfa yake, kaset ya mutu, kowa na kallo a waya, benci biyu suka rage masa. Me ya rage masa in ba sunansa ba?"

Washegari na je ofishin Farfesa, na rufe ƙofa. Na yi gaisuwa mai tsawo don in samu ƙarfin hali, sannan na faɗa masa: rumfar, kaset ɗin, muryar da ake kashewa, gurmin. Na ce waƙar ba uwar fim ɗin ba ce, 'yarsa ce, kuma mai ita yana da rai, sunansa Habu. Ya daɗe yana goge tabaransa. Na zaci zai yi fushi, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Cikin taushi ya ce, "Kawunka yana zaton shi ya yi ta. Haka suke zato duka. Abin da ke cikin jininsa ne fim ɗin ya tayar." Na ce a'a, ina nan aka yi ta, a gabana ya canza baitin tuwo har sau uku. Sai ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya ajiye tsakaninmu. Shaidar makarantata ce, an buga komai, wurin sa hannu kaɗai ne babu komai.

"Littafina yana wurin bugu," ya ce. "An karɓe ka a nan ne saboda waƙoƙin gargajiya. Idan na fim ne, babu abin da za ka yi nazari, ni kuma babu abin da zan sa wa hannu. Ba barazana nake maka ba, Lawali, tsarin ne haka. Taro ranar Asabar, Litinin ka zo ka karɓa."

Alhamis ɗin da ke biye nake da randebu, wato ranar da aka sa mini in je, a prefektir. Ya sani, don shi ya taya ni samo shi. Wato dattijon nan da na ji nauyin furfurarsa a Montreuil, shi bai ji nauyin komai nawa ba. Na tashi na yi masa godiya. Godiya fa! Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Asabar ƙarfe biyu na rana sinimar ta cika. Turawa masu gyale a wuya, tsofaffin ma'aikatan Saint-Fons, Larabawan unguwa, da 'ya'yanmu haifaffun nan. Hajiya ta ci ado da leshi, ta zauna layi na biyu, waya a hannu. Ta ce Kawu ya share rumfa, ya ari benci, ya tara dattawan majalisarsa, yana jiran ta turo masa bidiyon taron. Na hau da koɗaɗɗiyar rigar, ba agogo, na rufe ido na ja waƙar tukunya kamar ana zaman makoki. Aka tafa. Wata mata a gaba tana share hawaye.

Sai aka kashe fitila aka sa fim ɗin. Ban taɓa ganinsa da muryarsa ta gaskiya ba sai ran nan. Da matar nan ta buɗe baki, kujerar da nake kai sai da ta yi rawa. Murya ce da ba ta roƙon kowa. Mawaƙan nan, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito da abinsa, kuma a ƙarshe aka rubuto sunayensu manya-manya, kowa da nasa, mutane na tafa wa kowane suna. Na zauna cikin duhu ina jin Kawu a kaina yana bin bakinsu. Na ce a raina, yau ko za a kore ni da ƙafa, sai na faɗa.

Aka kunna fitila, aka ce a yi tambaya. Wata budurwa ta miƙe, da gani 'yar mutanenmu ce da aka haifa a nan. Ta fara da Hausa tana tuntuɓe, "Tonton, sannu. Waƙar nan... c'est qui? Wa ya yi ta? Ina so in gaya wa mamana." Aka miƙo mini makirfo. Na ga Hajiya ta ɗaga waya sama. Na ga Farfesa a gefena, hannunsa a haɗe bisa gwiwa, yana murmushi, ba ya ko kallona. Sunan na kan harshena, harafi huɗu ne kacal. Sai a zuciyata na ga matar bayan gilashi, na ga kicin ɗin Montreuil, na ga kaina ina sauka tashar Damagaram da gurmi.

Da Faransanci na amsa, don ban iya faɗinsa da Hausa ba. Na ce, "On ne sait pas. Ce sont les ancêtres." Wato ba a sani ba, kakanni ne. Na ƙara da cewa sun daɗe da mutuwa, sunayensu sun ɓata.

Aka tafa fiye da na farko. Budurwar ta dafa ƙirji ta zauna. Hajiya ta sauke wayar a hankali.

Muka hau taram ni da ita, har muka kusa sauka. Na ce, "Hajiya, don Allah kar ki tura." Ta ce, "Na tura tun a can. Na yi masa alkawari, ni kuwa ina cika nawa." Da muka isa gida ta zuba mini abinci kamar kullum, ta sa mini nama biyu kamar kullum, ta shige ɗakinta. Da zagina ta yi da na iya ci.

Kafin magariba wayata ta fara kuka. Lambobin Nijar. Na ƙi ɗauka, har na gaji na ɗauki ɗaya. Sarkin fawan Zango ne, yana ihu. "Lawali! Allah Ya yi maka albarka! Ka fitar da mu kunya, ka kai sunan Habu gaban Turawa, ga su can suna ta tafi!" Wani tela ya kira ya faɗi haka. Inna ta turo saƙo tana guɗa. Na zauna bakin gado na rasa gane ko ba'a suke mini, ko wani bidiyon Hajiya ta tura.

Sai washegari da hantsi saƙon murya ya shigo daga Kawu. Ya gaishe ni tsaf, ya tambayi sanyi, ya tambayi Hajiya, ya ce rigar ta yi mini yawa. Ya ce na ja waƙar da yawa, ba ta makoki ba ce, a wurin nan matar tana shirin jifansa da faranti ne. Ya yi 'yar dariya. Sannan muryar ta sauka.

"Mutum goma sha huɗu suka zo. Na haɗa wayar da tele. Da yarinyar ta yi tambaya kowa ya ji, don da Hausa ta yi. Da ka fara amsawa na ji inda ka dosa, sai na rage murya kamar yadda na saba. Na ce musu, ya ce Habu ne, Habu Mai-Bidiyo na Zangon Damagaram, yana nan da ransa. Bakin naka ya ɗan fi maganar tsawo, sai na ƙara da cewa shi ya rene ni. Sai ga Turawa na tafi, abin ya zauna daidai. Malam Isa tsohon malamin lakwal, makarantar boko, ne kaɗai ke jin Faransanci, shi kuma ƙasa ya yi ta kallo, ba zai faɗa ba. To ka ji abin da ka ce, in an tambaye ka kar ka saɓa."

Ina jin akuya na kuka a bayansa.

"Hajiya ta gaya mini zancen takarda. Ka karɓa, kar ta tafi a banza. Shekara talatin ina gyara wa Turawa magana, Lawali. Ban taɓa zaton zan gyara taka ba."

Litinin na karɓi takardar. Alhamis aka ba ni kati, shekara ɗaya. Littafin Farfesa ya fito, a ƙarƙashin waƙar tukunya an rubuta gargajiya, ba a san mai ita ba, kuma da hotona, ido a rufe. Yanzu ina aiki a wani sito a Saint-Fons, na bar sashen nasa, gurmin na saman kabat ɗin Hajiya ban sake taɓa shi ba. Kawu yana ɗaukar wayata, muna gaisawa, yana tambayar sanyi. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma bai ƙara ce mini in gaya wa kowa komai ba.

A Zango kuwa har yau idan mahaifiyata ta ratsa kasuwa, mahauta na ƙara mata tsoka, wai ta haifi ɗa mai cika alkawari.